Fuskar Rufus Direba

Duk wanda ya zauna a Kafanchan lokacin da jirgin ƙasa yake tashe ya san hannun Celestine, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Shi ya rubuta allon mai askin bakin tasha, shi ya zana ƙaton kifin da ke jikin shagon masu farfesu, rabin majami'un garin kuma shi ya yi musu rubutun bakin ƙofa. Har direbobin da ke lodin citta sukan kawo masa motocinsu ya rubuta musu abin da ke ransu a goshin mota. A ƙasan kowane allo, ta hannun dama, yakan sa “Cele, bayan Loko” da ƙananan baƙaƙe. Tallarsa ke nan gaba ɗaya. Wanda allo ya burge shi sai ya duƙa ya karanta, ya tambayi hanyar Loko, wato inda ake gyaran kawunan jirgi, masu sayar da rake su nuna masa da baki.

Amma rubutun allo abinci ne kawai a wurinsa. Abin da ransa yake so shi ne zane. Idan aiki ya lafa da yamma sai ya ɗauki guntun katako da gwangwanayen fenti ya tafi tasha, ya sami inuwa ya zauna yana zana abin da ke gabansa. A lokacin kuwa akwai abin zanawa. A nan layuka suka haɗu, jirgin Fatakwal ya shigo, na Jos yana jira, na Kaduna yana huci a gefe. Matan Fulani da ƙore a ka suna bin tagogi, masu lemo da dafaffiyar gyaɗa suna rige-rige, sojan da zai tafi hutu yana ciniki da yare uku a lokaci ɗaya. Mutum zai iya wuni a tashar nan bai sayi komai ba, ya koma gida a ƙoshe da labari.

A farkon shekarar tamanin da bakwai ne ya zana Rufus. Rufus direban jirgi ne, mutumin kudu, ya daɗe a kwatas ɗin reluwe har Hausarsa ta nuna, sai dai ta ɗan ƙone a gefe. Garin duka ya san busarsa. Tun jirgi yana bayan duwatsu, in aka ji yadda ya ja ƙahon nan ya sake shi a hankali, matan kwatas sukan leƙa ta katanga su ce wa matarsa ta ɗora doya. Celestine ya samo ƙyauren wani tsohon kabad na maɗaci, katako mai nauyi wanda gara ba ta kusantarsa, ya zana tashar duka a kai, da kan jirgi a tsakiya, Rufus ya leƙo ta taga da hula a karkace, hannunsa ɗaya a waje.

Komai ya tafi daidai ban da fuskar. Duk ranar da Rufus ya sauka daga aiki sai ya biyo ta shagon ya tsaya yana dubawa.

“Cele, wannan hanci na wane ne? Ni ba Fulani ba ne fa.”

Celestine ya gyara. Bayan kwana biyu ya dawo.

“Yanzu kuma ka mai da ni ɗan dambe. Madam zai gudu in ya ga wannan.”

Haka suka yi ta yi, a shafa fenti a kan fenti, a jira ya bushe, a sake shafawa, har wurin fuskar ya yi tudu, in ka bi da yatsa kana jin sa. Rannan Rufus ya shigo da bakinsa a buɗe zai fara tsiyar da ya saba, sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallo. Can ya cire hularsa ya ce, “Shi ke nan. Wannan ni ne.” Ya ce a bar shi ya bushe sosai, bayan Ista zai zo da kurar ɗaukar kaya ya ɗauka.

Kafin Ista rikicin watan Maris ya faɗo wa garin. Ba sai an tsaya a kansa ba, waɗanda suka gani ba sa son a tuna musu. Mutane da yawa sun kwashe iyalansu, wasu sun dawo bayan abubuwa sun lafa, wasu ba su dawo ba. Rufus ya kai iyalinsa kudu, ya nemi canjin wurin aiki, daga nan ba a sake jin busarsa ba. Allon ya zauna a bangon shagon, a bayan ƙofa, inda rana ba ta kaiwa.

Daga nan abubuwa suka yi ta raguwa a hankali, yadda ruwan randa yake raguwa ba a ga mai sha ba. Jirgin da yake zuwa kullum ya koma na mako, na mako ya koma sai an ji labari. Ciyawa ta fito tsakanin layuka, awaki suka gaje dandamalin da ake sauke fasinja. Masu talla suka kwashe farantansu suka koma tashar mota. Aikin allo ma ya bi sahu, domin yanzu mai shago sai ya hau mota zuwa Kaduna ya dawo da rubutun kwamfuta a jikin leda, baƙaƙe duk tsayinsu ɗaya kamar haƙoran roba. Celestine yakan tsaya a gaban irin allunan nan ya yi tsaki. Tsakin bai hana su yawa ba.

Wanda yake riƙe da shi a shekarun nan yayansa ne, Yafet, da ke noma gonar ubansu a Godogodo. Kowace kaka sai ya aiko da masara da doya, bai taɓa gori ba. Amma gwiwa ta fara ba shi wahala, 'ya'yansa maza kuma duk sun tafi birni. Tun da matar Celestine ta rasu yake ce wa ƙanen nasa ya rufe shagon nan ya dawo gida su haɗa hannu a kan citta. Celestine kuwa ba ya ko son a ambaci gona. Ba raina noma ya yi ba, a cikinsa ya tashi. Ya dai san ranar da ya rufe ƙofar nan ya gama zane har abada, domin hannun da ya wuni da fartanya ba ya iya jan layin gashin ido.

Lucy 'yarsa ce tilo, tana aikin buga takardu a wani ofishin mishan a Jos. Ofishin yana da kwamfutar da aka jona da wayar tarho, kuma yarinyar akwai kai. Da Istar tamanin da goma sha takwas, kamar yadda babanta yake lissafin shekaru tun da lissafinsa ya tsaya a tamanin, wato casa'in da takwas, ta zo gida da mai ɗaukar hoto. Aka fito da zanen tasha ɗaya bayan ɗaya, aka jingina su a bango aka ɗauka. Ta tambaye shi sunan kowanne. Celestine ya taɓa zuwa wani baje kolin zane a Zariya, ya ga yadda manya suke yi, saboda haka ya gyara murya ya ba ta sunaye masu nauyi. Wannan Bege, wancan Salama, na matan Fulani Albarkar Safiya. Na Rufus ya ce a sa masa Tafiyar Rayuwa. Lucy ta juya su Turanci ta tafi da su.

Da ta sake zuwa ta ce, “Baba, aikinka ya shiga intanet. Mutum yana zaune a Ingila zai iya gani. Ko gobara ta cinye shagon nan, Ubangiji ya kiyaye, hotunan suna nan.”

Celestine ya riƙe maganar nan da hannu biyu. Ya fara share shagon tun da sassafe, ya sayi kujerar baƙi. Damina ta zo ta wuce, aka tono citta aka shanya, babu Baturen da ya zo, babu ma wanda ya tambaya.

Ranar Kirsimeti bayan sujada, suna cin shinkafa a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, Yafet ya ajiye cokali.

“Cele, ni ban iya boko ba. Amma na ga injin nan ya yi shekara yana nema maka mutum.”

“Bai cika shekara ba, Yaya.”

“To na ba shi har ruwan farko. In ruwan farko ya sauka bai kawo kowa ba, ka rufe ka dawo gida. Gona ba ya jira, ƙafana kuma ka gan shi.”

A gaban 'yarsa aka yi maganar, kuma da masarar mai maganar a cikinsa. Celestine ya ce ya yarda. Shinkafar ba ta ƙara yi masa daɗi ba.

Lucy ce ta tsare shi washegari. Ta ce ta yi bincike, ta gano inda matsalar take, kuma laifin nata ne da nasa.

“Baba, abin da ake nema da shi a intanet makaho ne. Ba ya ganin hoto ko kaɗan, kalma kawai yake bi. Mutum zai buga abin da yake so, shi kuma ya kawo masa shafukan da kalmar take ciki. Wa zai zauna a Landan ya buga bege? In ma ya buga, majami'un duniya duka suna gabanka a layi.”

“To me suke bugawa?”

“Abin da suke kewa. Mutanen da suka bar garin nan suna ko'ina. In suka gaji da sanyi, Kafanchan za su buga. Reluwe. Loko. Sunan unguwarsu, sunan makarantarsu. Mu kuma ko sunan garin ba mu rubuta ba.”

Celestine ya ji haushi. Shekara talatin yana zane, yau a ce masa sunayen da ya zaɓa ba su da amfani, sai ya koma yana lakabi kamar mai rubuta kwalaben kemis. Ya ce zane ba adireshi ba ne. Lucy ba ta yi musu ba. Ta jawo na matan Fulanin ta sa yatsa a kan ɗaya.

“Wannan wace ce?”

“Hajjo ce mana. Ba ki gane ta ba? Lokacin tana da ƙiba. Ita ce take ba ki kindirmo a marfin kwano kina kuka.”

“Wannan fa?”

Shi ke nan, an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya manta da haushin. Ya gaya mata sunan mai buga ƙararrawar tasha da yadda yake ɗingishi, da mai sayar da burodin da ake kawowa daga Jos da zafinsa, da tankin ruwan da yaran kwatas suke wanka a ƙarƙashinsa in an cika shi ya yi ambaliya. Ya gaya mata wane layi ne na Fatakwal, wane ne na Kaduna, da bishiyar da masu jiran jirgin dare suke shimfiɗa a gindinta tun da la'asar. Wani wurin ya yi dariya har da hawaye, wani wurin hawayen ne kawai. Rabonsa da ya kira sunayen nan da baki har ya manta. Lucy tana ta rubutu a bayan tsohuwar kalanda, ba ta katse shi ba. Da suka zo kan allon maɗacin ya ce, “Rufus direba, na kwatas ɗin reluwe, jirgin Fatakwal, tamanin da bakwai.” Haka ta rubuta.

Ta ce za ta sa sunan garin a can saman shafin, ta sa waɗannan bayanan a ƙarƙashin kowane hoto. Za ta kuma roƙi masu shafin tsofaffin ɗaliban wata makaranta da na wata ekklisiya su sa hanyar da za ta kawo mutum wurinsu, domin injin ya fi yarda da shafin da wasu suke nunawa. Celestine ya ce to. A ransa bai ga abin da sunan mai ɗingishi zai sayar ba, amma ya ji daɗin hirar.

Janairu ya wuce shiru. A watan Fabrairu ana ta hayaniyar zaɓe, bangon garin duk hotunan 'yan takara ne bugun inji, ko ɗan takarar majalisa bai leƙo shagonsa ba. Sai ga Hajjo. Ta tsufa, ta rame, amma tafiyar tana nan a miƙe kamar da ƙwarya a kanta. Ɗanta Mahfuz ya saya mata firiji, ta kama rumfa a tashar mota, tana son allo.

“Baban Lucy, ni ban san rubutu ba. Ka rubuta abin da za ka rubuta saboda masu boko. Ni dai ka yi mini saniya, fara, mai ƙaho irin namu. Kada ka yi mini ta Turawa mai gajeren wuya.”

Aikin farko ke nan da ya shigo masa tun kafin Kirsimeti, kuma ba shi da katako. Na kasuwa ya yi tsada, ga shi ɗanye, damina ɗaya zai banƙare. Masu aikin allo kuwa haka suke yi tun fil azal: allo ba ya mutuwa, in maganar da ke kansa ta ƙare a goge a rubuta wata. Katakon da ke rumfar mai shayi yau, jiya na mai gyaran rediyo ne, shekaranjiya na jam'iyyar da aka rushe. Celestine ya dubi bangonsa. Sauran zanen duk a kan guntaye suke, ba wanda zai ɗauki saniya. Na Rufus ne kaɗai mai faɗi, mai jure ruwa.

Ya sauke shi ya jingina, ya zauna yana kallo. Shekara goma sha biyu mai shi bai aiko ba. Kuma ai Lucy ta ce yana cikin kwamfuta, ko gobara ba ta cin sa. A fahimtarsa zanen ya ƙaura ne, ya koma wani ɗaki da ya fi wannan tsaro, abin da ya rage a nan katako ne. Da wannan ya lallashi kansa ya ɗauko samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako. Ranar yana fama da zazzaɓi, samfefar ma ta cinye, ya goga iya ƙarfinsa ya shafa farin fenti. Saniyar da ya zana kuwa ta yi kyau, har direbobi suna tsayawa kallo. Hajjo ta aiko masa da man shanu a kwalba.

Cikin Afrilu, gari ya yi zafi, hadari yana haɗuwa da yamma yana watsewa, sai ga Lucy ranar Talata da rana tsaka. Ba ta taɓa zuwa a ranar aiki ba. Ya ɗauka rasuwa aka yi. Ta shigo tana haki tana dariya, ko gaisuwa ba ta gama ba.

“Baba, sun zo! Saƙo ya fara shigowa tun watan jiya, na bari ne su taru. Wata mata a Kanada ta gane tankin ruwa. Wani ya ce mai ɗingishin nan kawunsa ne. Amma babban shi ne wannan. Sunansa Jonathan, yana aikin asibiti a Ingila. Ɗan Rufus ne.”

Celestine ya nemi kujerar baƙi ya zauna.

“Ya ce sunan babansa ya buga da Kafanchan, haka kawai, bai sa ran komai ba, sai ga shafinmu a kan gaba. Baban ya rasu shekara uku da suka wuce. Hotunansu duk sun salwanta lokacin da suka tashi daga nan, ba su da ko ɗaya. 'Ya'yansa ba su san kamannin kakansu ba. Ya ce a kwamfuta fuskar ba ta fi ƙwayar wake ba, ba a ganin komai, amma ya gane hular da yadda yake sa hannu a taga. Yana son allon, ko nawa ne. Kuma suna da ƙungiya ta waɗanda suka tashi a kwatas, in wannan ya isa lafiya kowa yana son a yi masa nasa. Baba, ba za ka je Godogodo ba!”

Ta juya bayan ƙofa. Ƙusa ce kawai a wurin, da shatin inda allon ya zauna.

Ya gaya mata. Bai ƙawata ba, bai kare kansa ba, sai dai ya ce, “Ke kika ce yana ciki.”

“Hotonsa ne a ciki, Baba. Hoto ne kawai.”

Ta je ta ɗauko hoton takarda da mai hoto ya wanke, suka fita da shi rana. Daga nesa aka ɗauka don allon ya shiga duka. Ga tasha, ga kan jirgi, ga hula. Fuskar ɗigo ne launin ƙasa.

Sai Celestine ya tuna zazzaɓin ranar, da samfefar da ta cinye. Shi mutum ne da ake yi wa shaida a kan ba ya shafa sabon fenti sai ya ga idon katako, ya sha korar abokan aiki a kan haka. Yau kuwa, yana tafiya tashar mota da reza da kwalbar fetur a aljihu, addu'a yake yi Ubangiji ya sa ranar nan ya yi ha'inci.

Hajjo ta saurare su har ƙarshe tana dama fura. Da aka ambaci Rufus ta tsaya.

“Mai busa? Allah sarki. Ya sha nonona bashi ba iyaka, kuma bai taɓa mantawa ba.” Ta dubi saniyarta ta daɗe. “Sauke. In ɗansa ne yake nema, sauke.”

Suka kwantar da allon a kan benci a bayan rumfa. Celestine ya fara daga gefe, ya jiƙa tsumma da fetur ya dafa, ya bi da reza a kwance, a hankali kamar mai fere. Farin ya tashi. A ƙarƙashinsa sai ga shuɗi. Lucy ta kama bakinta. Sararin samaniyar tashar ne, ya koɗe amma yana nan. Ya matsa ciki, ga rufin kwano, ga bakin hayaƙi, ga koren jikin jirgi. Direbobi suka fara taruwa. Wani dattijo mai sayar da tikiti ya nuna da yatsa ya ce nan ne ofishinsa na da. Celestine bai ɗaga kai ba. Ya ci gaba da kankarewa. Lallai ranar ya yi sakaci, kuma bai taɓa jin daɗin sakaci irin na yau ba.

Ya shiga cikin saniyar. Ƙafar gaba ta tafi, sai ga hannu a bakin taga, da agogo. Ya bi wuyan saniyar, sai ga hula a karkace. Abin da ya rage tsakanin hannun da hular bai fi tafin hannu ba. Ya goge gumi, ya canza reza, ya dafa tsumman ya jira.

Farin ya tashi, katako ya bayyana. Ya matsa gefe kaɗan, katako. Ya kankare wurin duka, maɗaci ne ja wur, sumul, har da ɗan kwarmi.

Sai a lokacin ya tuna, kuma hannunsa ne ya fara tunawa kafin kansa. Wurin fuskar ne mai tudu. Da ya bar shi, da ya fito a kafaɗar saniyar kamar ƙurji, kowa ya gani. Saboda haka ko da zazzaɓin, ko da samfefar ta mutu, a nan ya zuba ƙarfinsa duka, ya goga har sai da yatsa ya wuce bai ji komai ba. Sauran allon ya yi wa sakaci, nan kaɗai ya yi aikinsa yadda ya kamata.

Celestine ya janye hannunsa daga allon. Masu kallo suka fara zamewa ɗaya ɗaya.

Lucy ta durƙusa kusa da shi ta rage murya. “Baba, kai ka zana shi. Ka sake zanawa. Ga hula, ga hannu, fuska kawai za ka cika.”

Ya rufe ido ya nema. Busar ta zo, dariyar ta zo, har warin man jirgi da ke jikin rigarsa ya zo. Fuskar ta ƙi. Duk wadda ya kamo sai ta narke ta koma irin fuskar allon aski, mai kyau, ta kowa. Ya tambayi Hajjo. Ta ce yana da wushirya. Mai tikiti, wanda bai tafi ba, ya ce babu wata wushirya, gashin baki ne da shi. Suka fara gardama.

“Jonathan ba zai gane ba,” in ji Lucy, ba ta dube shi ba. “Yana yaro suka rabu da hoton ƙarshe.”

“Ya san babansa, Lucy. In ma bai gane ba, yaransa za su girma suna gaishe da wani mutum dabam.” Ya ajiye rezar. “Mai fuskan yana tsaye a gabana ma sai da na yi wata ina gyara kafin ya ce shi ne. Yanzu wa zai ce mini shi ne?”

Lucy ta yi kuka a nan bayan rumfar, shi bai yi ba. Baƙin cikin ya yi masa nauyin da ba ya fita ta ido. Ta tambaye shi abin da za ta rubuta wa mutumin. Ya ce ta gaya masa gaskiya, ta kuma gaya masa yadda matan kwatas suke gane busar babansa tun daga bayan duwatsu, wataƙila ba a taɓa ba shi wannan labarin ba. Ta ce sauran 'yan ƙungiyar fa. Ya ce mutanen da suka ji ya goge uban ɗan'uwansu don ya zana saniya, da wane ido zai karɓi aikinsu. Ta so ta yi musu, ta ga fuskarsa, ta bari.

Ya ɗauki allon a ka ya kai shago. Ya ɓata wa Hajjo kayanta, dole ya gyara. Wannan karon ya sayi sabuwar samfefa ya goge komai, shuɗin da koren da hannun da hular, ya shafa fari, ya sake zana saniyar. Yana jan ƙahon na biyu iska ta taso, ƙofar shagon ta buga, aka fara yayyafi a kan kwano, kafin ya wanke burushi ruwa ya kece.

Ranar Asabar ya sauka a Godogodo da akwati ɗaya. Yafet yana bakin gona, yana ɓare irin citta a cikin kwando, ƙafarsa a miƙe. Ya ɗaga kai ya dubi ƙanensa, ya dubi akwatin.

“Injin bai samo maka kowa ba ke nan.”

“Ya samo, Yaya.”

“To me ya kawo ka?”

Celestine ya ajiye akwatin a gindin bishiya, ya naɗe ƙafar wandonsa.

“Ina fartanyan Baba?” ya ce.